Mutanen da Za Ka Tarar a Gindin Badala

Da zarar damina ta ɗauke, ba a rasa wata makaranta ko ƙungiya a Jalingo da za ta haɗa kuɗin mota a tafi Kano ganin kayan tarihi. A bi ta Numan, a ci abinci a Gombe, a ƙetare gadar Wudil, a sauka gindin badala da kumburarrun ƙafafu. Kuɗin kujera ɗaya aka biya, amma kowa da abin da ya kawo shi. Ga su nan, don mai niyyar shiga tafiya ta gaba ya san kusa da wa zai zauna.

Malam Na-Riga-Ka-Sani

Mai yi wa baƙi bayani bai gama sallama ba, Malam ya riga ya gyara murya. Yaron ya ce Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, daga baya Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Sai Malam ya ɗaga yatsa: "Gafara dai, ɗana, Sarauniya Amina ce ta gina." A tuna masa Amina ta Zazzau ce, kuma sai bayan ɗaruruwan shekaru aka haife ta. Ko gezau. "To, ai ita ta yi mata yaɓe." A wurin Malam, tarihin ƙasar Hausa mutum uku suka yi shi: Bayajidda, Amina da Shehu Ɗanfodiyo; abin da ya rage kuma Turawa ne suka ɓata. Idan aka ce littafin Tarihin Kano ya ambaci shanu ɗari da aka yanka ranar fara aiki, shi dubu ya sani, marubucin ne ya yi rowa.

'Yar Ɗauke-Ni

Ta yi tafiyar yini guda cur don ta zo ta juya wa ganuwa baya. A Ƙofar Na'isa baya ta ba ta, a Ƙofar Nassarawa ma haka. "Yaya, don Allah sake ɗauka, mayafina bai fito ba." A Gidan Makama, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, tambayarta ɗaya ce: ina za ta sa caji? Kafin la'asar hotunanta sun cika Facebook da TikTok, fuska ta cinye kashi tara cikin goma, tarihi yana leƙowa ta bayan kunne. Sai ta koma gida ƙawaye sun tambaye ta yadda wurin yake, sannan za ta buɗe waya ta duba.

Alhaji "A Rabat Kuwa..."

Alhaji ya taɓa zuwa ziyarar Shehu Tijjani a Fas, kan hanya aka biya da su Rabat, babban birnin Maroko. Tun daga ranar babu abin da ya ƙara burge shi a duniya. Ganuwar Udaya da ya gani gaskiya abin kallo ce: sarakunan Muwahhidun suka gina ta a ƙarni na 12, a kan tudu, daidai inda kogin Bu Ragrag yake shiga tekun Atlantika, da ƙatuwar ƙofa ta sassaƙaƙƙen dutse da lungunan gidaje masu fenti fari da shuɗi. Matsalar ita ce Alhaji bai bar kowa ya ga ta Kano ba. "A Rabat kuwa, kana shan shayin na'ana'a, iskar teku tana kaɗa ka." A ce masa, "Ranka ya daɗe, ai kusan tsararraki ne da wannan, kuma ginin ƙasa da ya kai haka bai kamata a raina shi ba." Sai ya dubi badala sama da ƙasa, ya ce, "Amma ina tekun?" Har yau bai yafe wa Gijimasu rashin teku ba.

Ɗan Kishin Gida

Shi kuwa kowane bayani zagi ne ga Taraba. Aka ce ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka harba igwa suka shiga Kano, Sarkin Kano Alu kuwa ya tafi Sakkwato. Ya yi tsaki: "Igwa? Mu tun 1892 muka ji ƙararta, lokacin da Bafaranshe Mizon ya taya Sarkin Muri Muhammadu Nya yaƙar Kona." Ya ƙara da cewa Jalingo kanta sansanin yaƙi ce da Nya ya kafa, ta zama mazaunin sarauta a 1893. Duk gaskiya ne. Amma ka tambaye shi yaushe rabonsa da Kona, wadda ke nan bakin garin Jalingo, ko ya taɓa taka tsohon garin Muri. Nan take zai tuna bai yi sallar azahar ba.

Hajiya Mai Sari

Ita ce ta fara biyan kuɗin mota, domin ta lissafa ya fi sauƙi a kan na tasha. "Malam, wannan katangar tana da tsawo? Kada fa a tashi a kasuwar Kwari." A marinar Ƙofar Mata kowa yana leƙa rijiyoyin baba yana jinjina wa shekarunsu, ita tana taya turmi. Da aka ce Rumfa ne ya kafa Kasuwar Kurmi, nan ne kawai ta yi masa addu'a da zuciya ɗaya. A hanyar dawowa, ɗalibai uku za su zauna a kan dilar atamfarta, kuma za ta ja musu kunne kada su murƙushe mata kaya.

Baba Mai Tofi

Tun daga Numan yake gargaɗi cewa tsohon gini ba ya rasa masu shi. Ba ya taɓa bango, ba ya shiga inuwar ƙofa sai da bisimilla bakwai. Da aka nuna Dutsen Dala aka ambaci Barbushe da Tsumburbura, ya ja yaran da ke kusa da shi baya, yana tofa musu addu'a a ka. Abin mamaki, shi ne za ka kama yana ƙulle ɗan ɓarɓashin ƙasar badala a bakin rawani. Wai maganin mayu ne, wani aboki ya yi masa saƙo.

Yallaɓai Mai Fuloti

Wannan ne kaɗai yake kallon ganuwa da gaske, kuma shi ya kamata a fi tsoro. Yana tafiya yana ƙirga taku. Ya duba kaurin gindinta, ya duba titi, ya yi lissafi a tafin hannu. "Kai, an yi asarar wuri! Nan shago ashirin ne, da gidan mai a kusurwa." Bai san 'yan'uwansa sun riga shi ba: wani ya ɗebi ƙasarta ya buga tubali, wani ya jingina ɗakinsa da ita, wani ya mai da gindinta juji, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Magina sun yi shirin mahaya da 'yan baka, sun haƙa gwalalo, sun ƙuntata ƙofofi. Ba wanda ya faɗa musu cewa wata rana abokin gaba zai zo da igiyar awo da takardar fili.

Direba

Shekara da shekaru yana jigilar Kano, ta cikin ƙofofin nan yake wucewa yana zagin 'yan adaidaita, amma bai taɓa ɗaga kai ba. Yana ajiye fasinja zai kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula. Kada a yi masa dariya da yawa, domin jam'iyyarsa ta fi ta kowa mutane, har a cikin birnin Kano. Idan an dawo mota ana ta musu, Malam yana kare Amina, Alhaji yana neman teku, sai wani ɗalibi ya ce, "Baba direba, kai ba za ka je ka gani ba?" Ya tada mota, ya gyara madubi, ya ce, "Ɗana, ƙasa ce fa. In ƙasa kuke so, bari mu kama hanyar Numan, kowa zai ci ya ƙoshi."