'Yar Tsana Ta Riga Ni Karɓar Ɗinki

Wata biyu ke nan shaddata tana kwance a shagon wani tela da ke bayan kasuwar Jimeta. Duk ranar da na je sai ya ce, "Gobe, Alhaji." Ran da ya ga na haɗa rai sai ya juya harshe ya ce "janngo", wai ko goben Fulatanci ta fi ta Hausa saurin zuwa.

Ana cikin haka autata ta tashi da rigima, wai za a yi bikin 'yar tsanarta. A zamaninmu 'yar tsana kara ce ko ƙashi. A naɗa mata tsumma, a dafa ƙasa a gwangwani, a kai amarya bayan ɗaki, da magariba kowa ya watse. Yanzu iyaye mata sun shigo ciki. Uwargida ta ce 'yar tsanar maƙwabta leshi aka ɗinka mata, don haka tamu ba za ta fita da tsumma a yi da mu a unguwa ba. Ta zaro waya ta nuna mini doguwar riga wadda ƙugunta ya hau sama ya tsaya ƙarƙashin ƙirji, daga nan ta zuba har ƙasa. Wai sabon yayi ne. Na ce Josephine matar Napoleon ta sa irinta a Faransa tun wajen 1804. Ta ce ba ta san ta ba, kuma ba ta taɓa ganin ta a bikin kowa ba a Dougirei.

Na so in tuna mata cewa Haneefah Adam ta Ilorin, wadda ta yi suna a 2016 da sa wa Barbie hijabi, da hannunta take ɗinka kayan, ba ta aiki mijin kowa ba. Na dubi fuskar uwargida, na haɗiye maganata, na tari Keke Napep.

A ranar Yola mai narkar da kwalta na isa shagon da amarya a leda. Mutumin nan da bai taɓa tashi tsaye don ni ba, hannu biyu ya sa ya karɓe ta. Ya zare tef daga wuya ya auna ƙirji, ya auna daga kafaɗa zuwa inda ƙugun zai tsaya, ya zana a tsohuwar jarida, ya ɗora kan ƙyalle ya bi da alli. Saman ɗan guntu ne, bai kai tafin hannu ba. Ƙasan kuwa ya yanka shi ninkin faɗin ƙirjin biyu, ya yi tattara, ya haɗa su. Zif ya yi mata girma, sai ya sa maɓalli a baya. Hannun rigar ya ƙi shiga ƙarƙashin keke, ya zauna da zare da allura yana ɗinkawa kamar mai aikin hula.

Minti arba'in, riga ta fito, har da guga.

Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, me ta fi ni da shi?"

Ya ce, "Alhaji, ba ta ƙara ƙiba tsakanin awo da ɗinki. Ba ta kawo mini hoton wata mai rabin jikinta ta ce haka take so ta koma. Ba ta kirana ƙarfe ɗayan dare, ba ta cewa sai an yi albashi, kuma ba ta taɓa cewa na ci mata yadi ba."

Na biya nan take, abin da rabona da yi har na manta.

An sha biki ranar Asabar. Yara shida, iyaye mata goma sha huɗu, duk cikin anko. An yi cincin, an ɗauki hoto, wata ma ta yi fushi don ba a gaya mata da wuri ba. Yaran dai tun la'asar suka koma wasan langa suka bar amarya kan tabarma.

Kaftanina ya fito bayan Sallah da kwana tara, ya gaza da kusan taƙi guda. Jiya na ɗaga rigar amarya na duba shafin ciki. Shaddata ce.