Inda Gara Ta Riga Mai Bincike

Takardun tarihin ƙungiyar matasa 'yan sa-kai, irin ta 'yan sikawut, ba su da yawa: rajistar 'yan runduna, littafin da ake rubuta labarin zango, hotuna, da takardun shaidar cin baji. Harkar sikawut ta faro ne daga zangon da Robert Baden-Powell ya yi wa wasu yara a Ingila a 1907, ta iso Nijeriya a 1915, ƙungiyar ƙasar kuma ta shiga ta duniya a 1961. Ana horar da ɗan sikawut ya zama a shirye kullum, sai dai shirin bai cika kaiwa ga adana takarda ba.

A Bauchi galibin rundunoni a makarantu suke, saboda haka masaukin takardu na farko shi ne kabad ɗin ofishin malamai. Makulli yana hannun malamin sikawut, in aka yi masa canjin wurin aiki makulli ya bi shi. Tunda an cire Gombe daga Jihar Bauchi a 1996, ba abin mamaki ba ne a tarar da kabad a wata jiha, makullinsa a wata.

Masauki na biyu shi ne gidan tsohon malami, kuma nan ne mai wannan rubutu ya gamu da gamonsa. 'Ya'yansa sun ƙi yarda cewa mai tumbi irin nasa ya taɓa jan fareti, shi ya sa ya fita neman hujja. Maigadin tsohuwar makarantarsa ya tura shi wurin masinja, masinja ya ce Malam ya yi ritaya, yana can wajen Yelwa. Don hujja ta shiga kunnen masu musu kai tsaye, sai ya loda yaran a keke napep suka tafi tare.

Malam ya yi musu maraba, aka sha fura, aka gaisa har rana ta karkata. Sannan ya sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya ce, "Ɗana, komai na nan, ko allura ba ta ɓata ba." Da aka ɗaga murfi sai ga ginin jar ƙasa tun daga gindi har baki. Gara ta karance rajista daga bango zuwa bango, ta bar usur da guntuwar igiya. Sauran takardun da ke cikin buhu kuwa, uwargida ta amsa daga bayan labule cewa mai ƙosan bakin layi ta daɗe da taimaka musu da su.

Takarda ɗaya ce ta tsira, don tana cikin leda. Malam ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi. Takardar horo ce, ɗauke da sunan mai bincike, wanda ya gudu daga gadin dare a zango yana ihun kura, aka haska tocila aka ga akuya.

"Ranka ya daɗe, ai masu irin sunan nan da yawa a ajinmu."

"A'a, kai ne. Har takalminka ɗaya ka bari."

Akwai wuraren da aka tanada don adana irin waɗannan takardu. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, tana da reshe a Kaduna inda fayilolin Lardin Bauchi suke, ga kuma Gidan Arewa da aka buɗe a 1970. Amma takardar runduna ba ta da ƙafa, sai wani ya ɗauka ya kai. Kafin nan, dokokin masu sauƙi ne: a ɗaga akwati daga ƙasa, a nisanta shi da laima, a riƙa buɗewa ana dubawa, a rubuta sunayen mutane da shekara a bayan hoto da fensir tun masu ganewa na raye. Mafi muhimmanci, a ɗauki hoton kowane shafi a ajiye kwafi a hannu fiye da ɗaya, domin waya ma tana faɗawa rijiya.

Dokar ƙarshen nan an gwada ta an ga amfaninta. Kafin a baro Yelwa babbar 'yar mai binciken ta ɗauki hoton takardar horon ta tura zauren dangi na WhatsApp, yanzu akwai kwafinta a Kano, da Kaduna, da Jidda.