Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Fim Ɗin Ban Tsoro

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin duhu lafiya, kai da iyalanka, fatalwowi da mayu da gawarwakin da suka ƙi zaman kabari. Na rubuto ne a madadin masu biyan kuɗinsu domin a hana su barci, in isar maka da koke guda: ka fiye nuna kanka. Sama da shekara ɗari ke nan kana wannan sana'a, don tun a 1922 Nosferatu ya fito a Jamus, amma da alama tsufa ya mantar da kai cewa jarinka shi ne abin da ka ɓoye. Rashin sani ya fi dare duhu, kai kuwa yanzu sai ka jawo dodonka tsakar fili, ka haske shi da fitila, ka kwarara masa jini bokiti guda, wai mu razana.

Duba tarihinka, shi zai ba da shaida a kanka. A Psycho na 1960, Alfred Hitchcock ya sa an kashe mace a banɗaki, a hoto baƙi da fari, jinin ma ruwan cakulan ne, kusan ba a ga wuƙa ta shiga jiki ba, zuciyar mai kallo ce ta ƙarasa aikin. A Jaws na 1975, kifin injin da aka ƙera ya yi ta lalacewa, dole Steven Spielberg ya ɓoye shi a ƙarƙashin ruwa, ya bar kiɗan John Williams yana sanar da zuwansa, sai lalacewar ta zama alheri. The Blair Witch Project na 1999 bai nuna mayyar ba ko sau ɗaya, amma ya tara kusan dala miliyan 250. Paranormal Activity kuwa da kimanin dala 15,000 aka ɗauke shi a cikin gida ɗaya, ƙofa ta motsa, bargo ya ɗaga, ya kawo sama da dala miliyan 190. Duk inda ka yi rowar nuni, a nan ka yi arziki.

Na san za ka ce jini ma yana da kasuwa, ga jerin Saw nan, finafinai goma tsakanin 2004 da 2023, ba kuwa sadaka ake yi ba. Gaskiya ne, amma abin da ake sayarwa a can ƙyama ce, ita kuwa daban take da tsoro. Haka ƙarar nan da kake saki ba zato bayan ka yi tsit: zabura ce kawai, ko ƙofar da iska ta buga tana jawo ta, kuma ba ta kai minti ɗaya. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Shi ya sa kowane sabon kashi sai an ƙara jini a kan na baya, har a kai inda masu kallo ke dariya. Ga kuma mutanen da kake ɗauka aiki, masu jin motsi a ɗakin ƙasa da tsakar dare su sauka su kaɗai suna tambayar wane ne. Mai kallo ba ya tausayin wanda ya raina wa wayo, in babu tausayi kuwa babu fargaba.

Akwai masu cewa sana'arka gaba ɗaya ɓata lokaci ce, wane mai hankali zai sayi tsoro da kuɗinsa? A nan ina bayanka. Kakanninmu sun yi ta ba da tatsuniyar Dodo da dare, ba su taɓa nuna hotonsa ba, kowane yaro shi ke ƙera nasa, ya ji tsoron a wurin da babu abin da zai same shi, ya kuma ɗauki darasi. Kai ma in ka nutsu haka kake yi. Living in Bondage na 1992 ya taɓo fargabar tsafin neman kuɗi a Najeriya, Get Out na Jordan Peele ya ɗauko wariyar launin fata a Amurka a 2017, har ya ci kyautar Oscar ta rubutun labari. Inda masu sukarka suka yi gaskiya shi ne batun yara. Manya ma an samu waɗanda suka suma a sinima lokacin The Exorcist a 1973, balle yaron da bai gama raba wasa da gaske ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ka rage jini, ka rage ƙara, ka koma bayan labule. Ku kuma masu ba abokai shawarar abin kallo, ku daina auna fim da yawan gawarwaki. Ku tambayi mutum abin da yake tsoro tukuna, ku faɗa masa in akwai abin da zai ɗaga masa hankali fiye da kima, ku duba shekarun da aka rubuta a jikin fim ɗin, sannan ku tabbata yara sun yi barci kafin a kunna.

Wassalam, naka mai biyayya,
Wani mai kallo