Gejin Mota da na Jirgin Ruwa: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Gejin mota da na jirgin ruwa a ido ɗaya suke: ga gilashi, ga allura, ga lambobi, yawancinsu kuma da batir mai bolt 12 suke aiki. Wannan kama ita ke yaudarar mai kwale-kwalen inji idan ya shiga kasuwar kayan gyara ya ji na mota ya fi araha.

Gejin mai ya fi kowanne iya kunyata mutum. Shi bai taɓa ganin fetur ba. Labari yake karɓa daga wata 'yar na'ura da ke cikin tanki, mai ƙwallo da ke iyo a kan man, wadda turjiyarta ga lantarki ke sauyawa gwargwadon hawan ƙwallon da saukarsa. A jiragen ruwa masu tsarin Amurka, tankin da ya ƙafe om 240 yake bayarwa, cikakke kuma om 33. Tsofaffin motocin General Motors kuwa a juye suke: sifili babu mai ke nan, om 90 tanki ya cika. Idan rewaya ya aura wa gejin irin waɗannan motoci na'urar tankin jirgi, ga abin da zai biyo baya. A cika tanki fal a bakin ruwa a Yawuri, allura ta tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku, mai jirgi ya hau mai fetur da faɗa wai ya cuce shi. Ana tafiya allura na hawa, shi kuwa yana ta hamdala da albarkar da ta sauka a tankinsa. Allura na lafe bayan alamar F, inji zai yi tari biyu ya mutu a tsakiyar kogin Neja, a shiga raba wa fasinjoji filafilai.

Sai batun wayar komawa. Bodin mota ƙarfe ne, ta cikinsa wuta ke komawa batir, shi ya sa na'urar mota sau da yawa waya guda ta ishe ta. Katako da faiba ba sa ɗaukar wuta, don haka dole a ja waya ta biyu. Ko a jirgin ƙarfe ba a son wuta ta bi jikinsa, domin cinye shi take a hankali. Wayar ma takan zama tagulla mai rufin kuza, gudun tsatsa.

Mitar gudu a mota juyin taya ko na giyabos take ƙirgawa. Jirgi ba shi da taya, sai a saka ɗan bututu a cikin ruwa, matsin ruwan da ke shigarsa ya tura allura. Guntun kainuwa ya toshe shi, jirgi na tsala gudu mita na rantsuwa a tsaye yake. A teku kuma da not ake auna gudu, not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Mitar juyin inji a motar fetur kan saurari kwayil, a saita ta da yawan silinda. Ta injin rataye a bayan jirgi daga janaretan cajinsa take karɓar sigina, saitinta daban. Lissafin sabis ma a jirgi da awannin aikin inji ake yi, babu ruwansa da kilomita.

Injin mota yakan zauna wajen digiri 90. Wanda ruwan teku ke sanyaya shi kai tsaye ana riƙe shi wajen 60, don kada gishiri ya daskare a hanyoyinsa. Gejin mota a kansa kullum cewa zai yi inji bai gama ɗumi ba.

Gejin jirgi ana like shi da roba, bakinsa ƙarfe mara tsatsa, wasu da gilashi ninki biyu saboda raɓa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin jirgi yake kwanciya, don haka duk kayan wutar da ke kusa da tanki sai wanda ba ya fitar da tartsatsi.