Wai Silba Ba Ta Tsatsa

Mu a layinmu, mai son jin sirrin gidaje ba ranar biki yake zuwa ba, sai washegari da hantsi, lokacin da aka zube kwanuka a tsakar gida ana wanke-wanke. A nan ake gane wadda cokulanta goma sha biyu suka koma bakwai, da wadda ta ari kula tun bara ta yi lamo. To washegarin sunan da aka yi a gidan kan kwana, tukunyar amarya ce ta ɗauke hankalin kowa. Silba ce sabuwa fil daga cikin kayan ɗakinta, ko wata biyar ba ta yi a kan wuta ba, sai ga jan ɗigo-ɗigo a cikinta kamar an barbaɗa yaji.

"Wallahi Goggo an cuci Mama," in ji amarya, kamar ta yi kuka. "Mai shagon har rantsuwa ya yi wai jikokina ma za su ci tuwo a cikinta."

Goggo ta karɓa, ta juya ta sama da ƙasa, ta shafa da yatsa. "Da me kike wanke ta, 'yar nan?"

"Soson ƙarfe mana. Kullum sai na dirje ta tas."

Duk muka gyaɗa kai, don ai haka kowaccenmu take yi. Mu dai ba mu yarda kwano ya fita ba sai damtse ya yi tsami. Gado muka yi. Iyayenmu sun yi girki a murhu da itace, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ke fitar da shi sai toka da yashi da ƙarfin hannu. Tukunyar dalma kuwa ba ruwanta, ko da dutse ka goge ta ba za ta yi ja ba, tunda babu baƙin ƙarfe a jikinta. Da silba ta shigo gari sai muka haɗa ta da 'yan uwanta, hukunci ɗaya.

Ana cikin tsine wa mai shago sai 'yar Hajiya, wadda ke karatun injiniya a Jami'ar Bayero, ta ɗago kai daga ɗaurayar da aka sa ta. "Anti, ni fa ina ganin tsatsar nan ba ta tukunyar ba ce. Ta soson ce."

Aka yi mata caa. Wai boko ya zo zai koya mana wanke-wanke. Amma yarinyar ba ta da saurin fushi, ta bari muka gama sannan ta yi bayani, kuma ni dai maganar ta shige ni.

Ta ce abin da muke kira silba ko ɗigon azurfa babu a ciki. Baƙin ƙarfe ne aka narka da wani ƙarfe mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Shi kuromiyam ɗin da ya haɗu da iska sai ya yi wata 'yar fata a saman tukunyar, siririyar da ido ba ya gani, ita ke hana ruwa kaiwa ga ƙarfen. Abin mamakin, in aka karce fatar, da kanta take sake tohowa, muddin wurin a wanke yake kuma iska na samun sa. Ta ce a 1913 wani Bature, Harry Brearley, ya dace da haɗin a garin Sheffield na Ingila, yana neman ƙarfen da bakin bindiga zai daɗe bai cinye ba, ƙarshe abin ya ɓige da wuƙaƙe da cokula. Goggo ta ce ai gara haka.

Soson ƙarfen nan mai arha kuwa, in ji ta, baƙin ƙarfe ne zalla. Kina dirza yana karce fatar, yana kuma zubar da ɓurɓushinsa cikin karcen. A jiƙa, a kwana, da safe ɓurɓushin ya yi ja, ke kuma ki ce tukunya ta ci amanarki. Irin wannan ne zoben da gwangwanin tumatir yake bari in ya kwana a kan wurin wanke-wanke, ko tabon wuƙar da aka manta cikin faranti. Garin neman gira, in ji masu magana.

Na ɗauka an gama da mu, ashe da saura. Wace ce a cikinmu ba ta jiƙa ƙanzo ta bar shi har gobe? Ko ta bar ragowar miya mai gishiri da magi ta kwana biyu a tukunya, ana ɗumamawa ana mayarwa? Gishiri shi ne babban abokin gabar fatar nan, yana huda ta ƙananan ramuka kamar tsinin allura, kuma rami in ya huda ya huda ke nan. Har zuba gishiri a ruwan sanyi tun kafin ya tafasa yana barin tabo, don zama yake yi a gindi bai narke ba. Uwa uba ruwan bilic. Akwai wata a layin nan, ba zan faɗi suna ba don za ta karanta, da ke jiƙa cokula a bilic duk ranar Juma'a wai su yi fari. Sun yi farin, sai dai duk sun yi zanzana. Wasu gidajen kuma laifin na ruwan burtsatse ne, wanda in ya kwana a bokiti za ka ga ja a ƙasa. In ya bushe a jikin kofi, jan nan zai zauna.

Maganin bai kai kuɗin kati ba. Aka aiki yaro kanti ya sayo bekin soda, aka dama ta da ɗan ruwa ta yi kauri kamar kunun da ya huce, aka shafe tabon, aka bar shi kusan rabin awa. Sannan aka sa soso mai laushi ana gogawa a hankali, ana bin layin da ke jikin ƙarfen, don in ka duba da kyau silba tana da saƙa kamar katako, kuma in ka gitta ta sai ta yi dishi-dishi. Rabin ɗigon ya tafi a nan take. Sauran masu taurin kai aka matsa musu lemun tsami, minti goma, aka goge. Ruwan khal ma yana yi. Goggo ta ce to ai da ma da tsamiya suke fitar da tasa tun suna 'yan mata, ba wani sabon abu jami'a ta kawo ba, kuma gaskiyarta, tsami ne ke narkar da tsatsa ko daga ina ya fito. Sai dai kada a kwaɓa sodar da lemun wuri guda, kashe juna suke yi, kumfa kawai za a gani. Abin da yarinyar ta fi nanatawa shi ne kada a kuskura a haɗa khal ko lemun tsami da bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Bayan an ɗauraye, nan ne muke faɗuwa jarrabawa. Mu kifewa muke yi, ɗaya cikin ɗaya, da danshinsu, a tura kabad a rufe, wasu ma cikin ledar da aka sayo su, musamman kayan jeren da ba a taɓawa sai an yi baƙi. Da damina sai a buɗe a ga abin takaici. A goge da tsumma busasshe, a bar su su sha iska, shi ke nan fa.

Ban wanke masu shago duka ba, don silba suna ta tara. Ku juya bayan cokali, wani za ku ga an buga 18/10 ko 18/8, wato kuromiyam kashi 18, nikel kashi 10 ko 8, su ne masu juriya. Mai 18/0 babu nikel, ya fi saurin tabo. Masu zuwa kasuwa da mayen ƙarfe a jaka su ma su yi hattara: gaskiya ne mai kyan ba ta cika kama shi ba, amma akwai mai arha, lamba 201, da aka rage wa nikel aka cika da manganis, ita ma ba ta kamawa, tana kuma tsatsa. Wuƙa kuwa ko ta gari ce sai ta kama mayen.

Kafin azahar tukunyar amarya ta dawo har tana ganin ɗan kunnenta a ciki. Ta ɗauki soson ƙarfen za ta wurga a shara, Goggo ta riƙe mata hannu.

"Kawo nan, almubazzara. Tukunyar dalmata tana jira."