Idan Tsohon Mashin Ya Ƙi Tashi a Jimeta

Ka sayi mashin na hannu, Jincheng ko Bajaj Boxer, wanda ya riga ya sha hanyar Fufore da Girei da Ngurore kafin ya zo hannunka. Mai sayarwa ya rantse bugu ɗaya yake tashi, ka manta ka tambaye shi ko bugu na nawa. Ga shi yau ya mutu maka a hanyar Jambutu da tsakar rana, a watan Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40.

Tura shi inuwa tukuna. Kafin ka gama kafe shi jama'a sun kewaye ka, kowa injiniya. Wannan ya ce ringi ne, wancan ya ce kafireta, wani dattijo ya ce a sauke inji gaba ɗaya. Ka ce, "Allah ya saka da alheri, Baba," amma kada ka miƙa wa kowa sifana.

Abu uku injin nan ke nema: mai, wuta da iska. Fara da mai, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tankuna da yawa rabin azumi suke yi. Buɗe tanki, girgiza mashin, ka saurara. Duba famfon da ke ƙasan tanki, wataƙila yaran gida sun murɗa shi ya rufe, ko lokacin juyawa rizab ne ya yi. Zare tiyon da ke shiga kafireta ka ga ko mai na zuba. In a kwalba ka sayi man a bakin titi, zai yiwu da ruwa a ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin kafireta. Kwance ɗan sukurun da ke ƙasa, ka bar shi ya tsiyaye.

Sai fulogi, wanda ya fi mai sayarwa faɗin gaskiya. Bari inji ya huce, ka kwance shi ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi ƙirin kuma busasshe, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, kuma galibi ƙurar hunturu ce ta toshe soson iska. Ciro soson ka wanke, ya bushe sarai kafin ka mayar. In bakin fulogin ya yi fari fat, mai bai isa ba, inji na cin zafi. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, to mutumin nan mai cewa ringi ne ya fara samun hujja. Goge fulogin, mayar masa da hularsa, jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da fetur, ka buga kik. Tartsatsi shuɗi kake nema. Kada ka riƙe shi da hannu, in ba haka ba mutanen Doubeli za su ji ihunka. In babu tartsatsi, kafin ka zargi koyil, tabbatar makulli a buɗe yake, an sha zufa a kan wannan fiye da yadda ake faɗa.

In ya tashi, dubi salansa. Hayaƙi baƙi mai ne ya yi yawa, shuɗi kuwa baƙin mai inji ke ƙonawa. Tsayar da mashin daidai a shimfiɗaɗɗen wuri ka auna baƙin man da sandarsa. Injin nan iska ke sanyaya shi, don haka duk tausayin da kake ji, kada ka sheƙa masa ruwan sanyi yana tsakar zafi. Ruwan, kai ka sha.

Akwai inda ɗan koyo ke tsayawa. In kik ya yi laushi, ƙafa na wucewa ba turjiya, ko kana jin ƙwanƙwasar ƙarfe daga cikin inji, maganar ringi ko fistan ko bawul ce, aikin bakanike ke nan. Duk abin da ka kwance kafin nan ka ɗauki hotonsa a waya, noti kuma a zuba a gwangwani, domin yashin Jimeta ba ya mayar da abin da ya haɗiye. A gareji ka ce, "Oga, mai na zuwa, fulogi na ba da wuta, soso a wanke yake." Ku yi cinikin kuɗin aiki kafin ya ɗauki sifana, duk kayan da ya canza kuma ya ba ka tsohon ka gani.