Zuwa ga 'Yar Damagaram Mai Kwandon Salla

Hajjaju, labari ya iso unguwarmu Fijirose cewa bana ma kin ɗaura ɗamarar haɗa kwandunan Salla, har kin aika kasuwar Dantokpa an yi miki sarin leda mai sheƙi da jan zaren ado. Na ce to, Allah ya kyauta. Ba zan hana ki ba, don mu Kanawa ba ma takura wa bayinmu. Amma a matsayina na uwar ɗakinki dole in yi miki magana a bainar jama'a, domin in na ja ki ɗaki musu za ki yi, ki rantse da kabarin Sarki Tanimun cewa kwandonki ya fi na kowa a Zango.

Hannunki dai da daɗi, wannan ko maƙiyi ya sallama. Alkakinki yana shan zuma har cikin zuciyarsa, dubulan ɗinki kuma ba ya karyewa a hannu. Matsalarki guda ce: kin baro Zangon Damagaram kin dawo Zangon Kwatano, sunan unguwa bai canza ba, sai kika ɗauka iskar ma ba ta canza ba.

Ku da ruwa ba ku saba ba, kuma ba laifinku ba ne. Garin da har Nasara ya kwashe hedikwatarsa daga cikinsa a 1926 ya koma Yamai, masu tarihi suna lissafa ƙarancin ruwa cikin dalilan, ina mutanensa za su san sharrin laima? A can in kika shanya nama da hantsi, kafin la'asar ya zama ƙirgi. Kilishi ya yi wata a rataye ba abin da zai same shi sai ɓera. Nan kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya ninka naku wajen sau uku, kuma ko ba a yi ruwa ba iskar teku a jiƙe take. Mu da ke kwana muna jin rurin igiyar ruwa a Fijirose mun san abin da take yi: kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa, gishiri ya dunƙule a gwangwani, takalmin fata ya yi furfura a ƙarƙashin gado. Ga shi Babbar Salla ta faɗo cikin damina. A wannan yanayi ne za ki ɗauko soyayyen nama da ɗuminsa, ki jera shi da cincin da abarba, ki naɗe su da leda kamar amaryar da za a kai ɗakin miji, ki ɗaure bakin tam. Kafin ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya ratso cunkoso ya iso, ledar ta yi gumi daga ciki, cincin ya yi laushi, naman ya fara tunanin wata rayuwa.

Na bara da kika aiko min, kwana uku kawai kilishin ya yi ya fito da farin gemu. Maigidan ya duba ya ce wannan ai ya girme mu, sai dai mu gaishe shi.

Kuma na san tarihin kilishin nan, kada ki ce ban sani ba. Kin dage sai na gida, wai na nan ba shi da ƙuli. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka toshe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, mutane da kayansu suka koma ƙetare kogin Kwara a kwalekwale. Wato kilishinki ya ratso Nijar a mota, ya shaƙi iskar kogi, ya sake hawa mota ya yi fiye da kilomita 700 zuwa bakin teku, ya kwana biyu a ɗakinki yana jiran zaren ado. Baiwar Allah, mahautan Zango suna nan a bakin ƙofarki. Ki saya ranar da za ki aika, ki naɗe a takarda, ki faɗa wa mai karɓa ya cinye kafin jibi. In kuwa so kike abin ya daɗe, to ki bar kilishi ki kama dambun nama.

Dambun ma ba irin naki na gaggawa ba. A dafa naman da albasa da citta har ruwan ya tsotse ƙaf, a daka, a zuba a mai a yi ta juyawa kan wuta kaɗan-kaɗan. Kunne ne ma'auni a nan. Muddin tukunya na ƙara tana tartsatsi, da sauran ruwa a ciki. Sai ta yi shiru, zaren naman ya yi wara-wara yana zuba daga ludayi, sannan a sauke. A tsane man, a baza a faranti ya huce sarai, ba ɗumi ko kaɗan, kafin ya ga murfi. Ke kuwa da kin ga ya yi ja sai ki sauke, don ana kiranki a waya. Haka cincin: ki rage ruwa da madara a kwaɓin, ki soya shi ya kai ciki. Dubulan da alkaki, ruwan sukarinsu ya yi kauri har yana danƙo tsakanin yatsu, da ɗan lemon tsami, in ba haka ba su za su fara kiran kiyashi. Nakiya ce kaɗai ba na jin tsoro a kanta. Garin shinkafa da man shanu da masoro da kanumfari, in an tuƙa an daka yadda ya kamata, ita ke binne sauran kayan garar amarya.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne maƙwabtanki sun warware wannan matsala tun kafin a haife ki, kina wuce su kullum ba ki gani. Dubi matan da ke sayar da gyaɗa da yazawa a bakin titi. A me suke zuba su? A kwalba, busasshiya, mai murfin da ke ɗaurewa. Ƙuli-ƙulin Agonlin mai siririn jiki haka yake isa hannun mai saye yana ƙaras-ƙaras, a garin da iska ke jiƙa ashana. Ki wanke kwalabe, ki kife su su bushe a rana, kowane abu da tasa: dambu daban, cincin daban, yaji daban. Sai dai ki yi wa Allah ki kankare takardar da ke jiki. Yawancin kwalaben nan kin san abin da suka fara ɗauka kafin gyaɗa. Kada a wayi gari a ga kyautar Hajiya ta shiga gidan liman da hoton Bature mai sanda yana tafiya a jikinta, a ce mutanen Damagaram sun ci gaba.

Turaren wuta da humra kuma ki fitar da su daga kwandon abinci. Na san tunaninki, wai a buɗe a ji ƙamshi. An ji kuwa. Duk wanda ya ci alkakinki na bara sai da ya yi gyatsar sandal.

Ledar nan ma da kike taƙama da ita, ƙasar da kike zaune tana da doka tun 26 ga Disamba 2017 da ta hana ledar da ba ta ruɓewa. Ranar da jami'ai suka ga dama suka leƙa ɗakin ajiyarki, ni ban san ki ba.

To amma bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don laushin cincin kaɗai bai isa a tona wa mutum asiri a jarida ba. A ina kika samo kwandon nan? A manyan kantunan da ke wajen filin jirgi kika gan shi a watan Disamba, an jera wa ma'aikatan banki da kamfanoni su aika wa abokan hulɗa. Su kyautarsu hanya ɗaya take bi, ta tafi ke nan, sai dai a turo godiya ta waya. Mu kuwa kwano muka gada. Ranar Salla a zuba a kwanon sha ko samira, a rufe da faifai, a ɗora wa yaro a ka. Can a juye, a ba yaron tukuici, a zuba na gidan a mayar. Yaran sun san gidan kowa, sun san wace gwaggo ce mai hannun kyauta da wacce za ta ce a gaida mutan gida kawai. Ta nan ake gane wanda bai ɗora tukunya ba bana, a ƙara masa ba tare da an yi magana ba. Maƙwabtana na Fijirose, Fon da Mina, yawancinsu Kiristoci, sun koyi wannan lissafi sarai. In kwanona ya shiga da naman layya, ba ya fitowa wayam, in ma ya fito to bashi ne, ranar sabuwar shekara za a biya da garin Sabalu ko soyayyen kifi. Ke da kika ba ɗan zemijan kwando da kuɗin mota, wa zai ba wa tukuici, me kuma za a zuba miki a leda da aka yage?

Na fahimci dabarar, ai. Kwano yana da nauyin dawowa da shaida, kowa ya ga girman abin da aka zubo. Kwando kuwa rabinsa yankakkiyar takarda ce a ƙasa, an ɗora abu huɗu a sama sun yi tozo. Ana ce wa Bakano mai son kuɗi, amma wannan lissafi ko a kasuwar Kurmi ba a taɓa yin sa ba. Kakanku Amadu Kuran Daga ya jawo igwa har ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, ya koma bai shiga birni ba. Ashe jikarsa ce za ta zo ta ci mu da yankakkiyar takarda.

Saboda haka ga sharaɗina. In kin ga dama ki ci gaba da kwandonki ga alhazan tashar jirgin ruwa, su ba su da lokacin wanke kwano. Nawa kuwa a samirar nan mai fure da na gani a saman kabad ɗinki nake so, cike, ƙaramin ɗanki ya kawo da ƙafarsa. Wagashin Paraku guda biyu a gefe, soyayye, tunda ɗanye ba ya kwana. Zan mayar miki da ita da abin da ya sawwaƙa. Kuma ki fara tara kuɗin shara tun yanzu, wata guda ne kawai tsakanin layya da cika-ciki, na bara ma ba ki biya ba. Sefa nake karɓa, jaka biyar, ban da canjin tsaba.